Shafin ƙarshe ya yage: me ke ƙarƙashin hular ɗan sama jannatin nan?

Ɗan Kawu:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma sai kun yi haƙuri na faro daga tushe.

Wata bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Allah ya jiƙansa. Da aka zo kwashe kayan ɗakinsa, akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda kowa ya buɗe ya leƙa sai ya mayar ya rufe, don babu komai a ciki sai tsofaffin littattafan zane, waɗanda ake kira komik. Wasu na ce musu littattafan barkwanci, ni dai ban ga abin dariya a yawancinsu ba. Aka ce in ɗauka tunda ni ne mai karance-karance. Takardun sun yi ja, gara ta taɓa na can ƙasa, duk wanda ka buɗe kuma sai ka yi atishawa.

Abin da ke ciki kashi uku ne. Mafi yawa mujallar 2000 AD ce ta Ingila, fitowar ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, ba a jere ba, wata akwai wata babu. Sai littafin V for Vendetta cikakke, bangonsa ya sha salatif. Sai wani kundi da aka tattara tsofaffin gajerun labaran kimiyya na kamfanin EC na Amurka aka sake bugawa. A cikin wannan kundin matsalata take.

Akwai wani labari mai suna Judgment Day. An aiko wani ɗan sama jannati, Tarlton, zuwa wata duniya da ake kira Cybrinia, inda babu kowa sai mutum-mutumi, su ke ƙera kansu, su ke mulkin kansu. Aikinsa ya duba ko sun waye har sun isa a karɓe su cikin babbar jamhuriyar taurari. Masu launin ruwan lemo ne suka tarbe shi, suna ta zagayawa da shi masana'antarsu suna ji da kansu. Sai ya tambayi ina shuɗayen suke. Ashe shuɗayen na can wata unguwa daban da ta lalace, in an shiga motar haya a baya suke zama, ilimin da ake ɗura musu ma ba irin na sauran ba ne. Ya shiga inda ake ƙera su, ya ga kayan ciki duk iri ɗaya ne da na masu ruwan lemo, murfin waje kawai ya bambanta. Ya ce musu da sauransu tukuna, ya juya ya nufi jirginsa.

To a nan ne rabin shafin ƙarshe ya yage, tun daga ɗinkin littafin. Na zazzage akwatin kaf, ban ga guntun ba. Tun daga zanen farko mutumin nan bai cire hular kwanonsa ba, kuma jikina yana ba ni cewa a wannan guntun da ya ɓata ya cire ta. Ni hasashena shi ma shuɗin mutum-mutumi ne. Wanda ya taɓa karantawa ya taimaka min.

Na san zan iya laluba intanet, amma ina da tambaya ta biyu da na fi son in ji daga bakin masu karatu. Na lura duk littattafan nan da ke magana kan mulkin danniya, rufe fuska suke yi. Judge Dredd na cikin 2000 AD na karanta fitowa ta fi ɗari, ban ga komai nasa ba sai haɓa da baki. Shi V har littafi ya ƙare yana sanye da fuskar aro mai murmushi. Ga kuma Tarlton. Ɗaya ɗan sanda ne na gwamnati, ɗaya mai yaƙar gwamnati, ɗaya mai bincike. Haɗuwa ce kawai ta sa, ko da abin da suke nufi? Kuma in faɗi gaskiya, Dredd ya fi burge ni a cikinsu, mutum ne da ba ya karɓar cin hanci, ba ya tsoron kowa.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, da gani mutum ne mai zaɓen abin karantawa.

Hasashenka ya kusa amma bai dace ba. Ya shiga jirgi, jirgi ya tashi, ya sa hannu ya cire hular. Baƙar fata ne. Mutum ne ɗan Adam, baƙi, gumi yana ƙyalli a fuskarsa, taurari a bayansa. Nan labarin ya tsaya, ba a ƙara wani bayani ba.

Don ka gane nauyin wannan ɗan zane, duba shekarar. Al Feldstein ne ya rubuta, Joe Orlando ya zana, ya fara fitowa a mujallar Weird Fantasy fitowa ta 18 a 1953. A lokacin, a jihohin kudancin Amurka doka ce ta raba makarantun baƙaƙe da na farare. Sai a 1954 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Zaman bayan mota da ka gani an ba shuɗayen, ba ƙirƙira ba ce, abin da ake yi wa baƙaƙe ke nan kullum. Rosa Parks ba ta ƙi tashi daga kujerarta a Montgomery ba sai a Disambar 1955. Ka ga labarin ya riga ta da fiye da shekara biyu.

Abin da ya faru bayan nan ya ma fi labarin. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa komik ke lalata tarbiyyar yara. Wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kai, har mai kamfanin EC, William Gaines, ya je ya ba da bahasi, kuma bai fito da kyau ba. Kamfanoni suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority. Mujallar da ba ta da tambarinta a bango, dillalai da yawa ba sa ɗauka a lokacin. Aka naɗa wani alƙali, Charles Murphy, ya shugabance ta.

Da EC suka zo buga Incredible Science Fiction fitowa ta 33, wadda ke ɗauke da kwanan watan farkon 1956, hukumar ta ƙi amincewa da wani labari, sai suka ɗauko tsohon Judgment Day don cike gurbi. Murphy ya ce shi ma ba zai wuce ba sai an sauya ɗan sama jannatin, kada ya zama baƙi. Babu wata doka a kundin hukumar da ta hana hakan. Yadda Feldstein ya riƙa ba da labari daga baya, da Gaines ya yi barazanar kai maganar gaban 'yan jarida, sai Murphy ya sauko ya ce to a goge gumin fuskar. Gaines ya ƙi, aka buga shi yadda yake. Wannan ce kuma mujallar komik ta ƙarshe da EC ta fitar, sai Mad kaɗai ta rage musu, ita ma don an riga an mayar da ita babbar mujalla wadda hukumar ba ta da iko a kanta.

Kan tambayarka ta biyu, a wannan labarin dai hular tarko ce aka ɗana wa mai karatu. An bar ka kana ta la'antar masu ruwan lemo, kana jin kai da Tarlton ku ne wayayyu. Sai a zanen ƙarshe a nuna maka cewa kai ma ka riga ka yanke wa mutumin launi a ranka ba tare da an tambaye ka ba. Yanzu ni zan tambaye ka: kafin ka zo kan yagaggen shafin, wace irin fuska kake gani a cikin hular?

Ɗan Kawu:

Baba, ka kama ni. Wallahi Bature nake gani, mai dogon hanci da gashi a kwance. Da na rasa shafin ne ma na fara tunanin mutum-mutumi. Na yi tunanin ƙarfe, na yi tunanin ƙwarangwal, amma ko sau ɗaya ban kawo mutum mai irin fatata ba. Tun ɗazu nake zaune da littafin a cinya na kasa rufe shi.

Maman Biyu:

Sannunku da hira. Ƙanina, kada ka damu, ni ma haka ta faru da ni, kuma nawa shafin bai yage ba.

Baba ya amsa ta farko. Ni ta biyun ce ta jawo ni, don ina ganin akwai wani littafi da babu shi a akwatin kawunka wanda ya wuce duk waɗannan a kan maganar fuska. Sunansa El Eternauta, daga Ajantina. Héctor Germán Oesterheld ne ya rubuta, Francisco Solano López ya zana, ya riƙa fitowa mako-mako a mujallar Hora Cero daga 1957 zuwa 1959. Fassarar Turanci na karanta, wadda ta fito a 2015.

Farkonsa ba jirgin sama jannati, ba wata duniya mai nisa. Magidanta huɗu ne suna karta da daddare a saman benen gidan ɗayansu, Juan Salvo, a gefen birnin Buenos Aires. Wuta ta ɗauke, gari ya yi tsit, suka leƙa taga suka ga dusar ƙanƙara mai ƙyalli tana sauka. Duk wanda ta taɓa, nan take ya mutu. Ɗaya daga cikinsu ya kasa daurewa saboda iyalinsa, ya fita da gudu, suna kallo ta taga ya faɗi a titi. Sauran suka toshe duk wata kafa ta gidan, suka ɗinka rigar roba, suka haɗa ta da gilashin masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa. Zanen da aka fi sanin littafin da shi ke nan: Salvo yana tafe cikin dusa, ba ka ganin komai nasa sai idanu biyu ta cikin gilashi. Ka ga shi nasa rufe fuskar na neman tsira ne, ba na iko ba.

Sannu a hankali suka gane mamaya ce aka kawo wa duniya. Da farko suka yi ta fama da wasu manyan ƙwari masu kama da buzuzu, har da wani artabu a filin wasan River Plate. Sai suka lura ƙwarin nan juya su ake yi daga nesa. Akwai kuma mutane 'yan'uwansu da aka kama aka kafa musu wata na'ura a ƙeya, suka koma harbin nasu. Masu juya su wasu halittu ne masu yatsu rututu, ana ce musu Manos, wato Hannaye. Ka ce to ga shugabannin nan. Ina!

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda suka kama ɗaya daga cikin Hannayen. Ashe su ma bayi ne. An ci duniyarsu da yaƙi, aka dasa wa kowannensu wani ƙulli a jiki wanda da zarar ya ji tsoro zai saki guba ya kashe shi. Tunanin bijirewa kaɗai ya isa ya tsorata shi, don haka ko a zuci ba ya iya tawaye. Wannan da suka kama ya riga ya tsorata, ya san mutuwa zai yi, sai a lokacin bakinsa ya buɗe. Yana zaune a ɗakin girki, ya ɗauki wata tsohuwar butar dafa gahawa yana jujjuya ta yana yaba kyawunta, yana mamakin yadda mutane ke zaune cikin irin waɗannan abubuwa ba su san darajarsu ba. Ya mutu yana rera waƙar garinsu. Na ajiye littafin a nan na yi kwana biyu ban koma ba.

Su kuwa iyayen gidan, sunansu kawai Ellos, ma'ana Su. Har littafi ya ƙare ba a zana su ba. Ba hula, ba fuskar aro, babu ma jikin da za a rufe. Ni a ganina nan ne amsar tambayarka take. Wanda ke tsaye a gabanka da makami galibi shi ma akwai ƙullin tsoro a jikinsa, mai iko na ainihi kuwa ba ya zuwa inda ido zai gan shi. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Abin da ya sa ba na iya karanta shi a matsayin almara kawai shi ne ƙarshen marubucin. A ranar 24 ga Maris 1976 sojoji suka ƙwace mulki a Ajantina ƙarƙashin Janar Videla. Oesterheld ya riga ya shiga ƙungiyar Montoneros, kuma kada in ɓoye, ƙungiya ce mai ɗauke da makamai. Yana ɓoye ya rubuta kashi na biyu na littafin. A 1977 aka sace shi, ba a sake ganinsa ba, gawarsa ma ba a samu ba. 'Ya'yansa mata huɗu duk haka aka yi da su tsakanin 1976 da 1977, biyu suna da juna biyu. Masu zuwa ɗaukar mutane a lokacin cikin farin kaya suke zuwa, a motocin da ba lamba, wanda aka kama kuma a zura masa buhu a kai. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojojin ta tattara sunaye kusan 9,000, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na cewa 30,000 ne. Iyayen da suka riƙa zagaye dandalin Plaza de Mayo kuwa, hotunan fuskokin 'ya'yansu suke ɗagawa.

Gagarabadau:

Yaya ta gama magana, ni dai da ɗan'uwana mai tambaya nake. Dredd ne ya fi burge ka? To tarko na biyu ke nan ka faɗa a rana ɗaya.

Ka koma ka dubi aikinsa. Shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci, duk a bakin titi cikin minti ɗaya. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara. A Mega-City One ba a zaɓen masu mulki na gaskiya, alƙalan ne gwamnati. John Wagner ne ya ƙirƙire shi, ya fara fitowa a 2000 AD fitowa ta biyu a Maris 1977. Wanda ya tsara kayansa, Carlos Ezquerra, ɗan Sifen ne da ya tashi a ƙarƙashin mulkin Franco. Dubi ƙatuwar mikiyar da ke kafaɗarsa. Mikiya ce a tambarin Amurka, mikiya ce kuma a tambarin Sifen na zamanin Franco.

Tunda kana da fitowar ƙarshen 1978 zuwa farkon 1979, nemi labarin Judge Cal. Mahaukaci ne da aka gina kan Caligula na Rum. Ya sa aka kashe babban alƙali ya haye kujerar, ya naɗa ɗan kifinsa na ado mataimakinsa, ya zagaye birnin da katanga, ya ɗauko sojan haya daga wata duniya, ya kuma yanke wa mutanen birnin gaba ɗaya hukuncin kisa, a bi su bisa jerin haruffa. Shi Cal fuskarsa a waje take kullum, mutum ne mai son a kalle shi. Sauran alƙalai suka bi shi saboda ya juya musu hankali ta cikin bayanan aikin da ake kunna musu kowace rana. Dredd ya jagoranci tawaye aka kawar da shi, mu masu karatu muka yi ta tafi. To da aka kawar da shi me aka dawo da shi? Tsarin nan dai da ya ba mutum ɗaya damar yin duk wannan. Cal ya tafi da fuskarsa, hular ta zauna.

Wagner ya san abin da yake yi. A 1986 ya fara kawo labaran masu neman dimokuraɗiyya. A 1987 Dredd da kansa ya shirya maƙarƙashiyar da ta wargaza zanga-zangar lumana, da ɓata sunan shugabanninta da cusa 'yan tada fitina a cikin taro. A 1991 aka yi ƙuri'ar raba-gardama a labarin, mafi yawan jama'a ba su ma kaɗa ba, waɗanda suka kaɗa kuma suka zaɓi alƙalai su ci gaba. Wannan ya fi Cal ban tsoro.

Batun fuskarsa kuwa, ko ya cire hular ba tasa za ka gani ba, don daga ƙwayoyin halittar Fargo, mutumin da ya kafa tsarin alƙalan, aka samar da shi. A wani labari na farko-farko ya cire ta, aka shafe fuskar da baƙin layi aka rubuta an tace. Ga kuma wani abu da zai haɗa maka shi da Tarlton: Ezquerra ya yi masa manyan leɓɓa da gangan don kada a san ko wane jinsi ne. Ba duk masu zanen aka gaya wa ba. Mike McMahon ya yi ta zana shi a matsayin baƙar fata, Brian Bolland yana zana shi Bature, kuma da yake babu launi a shafukan, ba wanda ya lura. Wannan ɓoye fuskar ne ya sa da Stallone ya cire hular a fim ɗin 1995 masoya suka ji haushi. Karl Urban bai cire ba a na 2012.

Ba na ce kada ka so shi ba, ni ma ina karanta shi. Amma rashin cin hancin nan nasa, ba ya hana shi kulle ka shekaru kan laifin da bai kai ya kawo ba.

Tsohon Malami:

Gagarabadau, a sassauta wa yaro, jiya-jiya ya buɗe akwatin. Amma ka yi gaskiya. In ƙara maka, kundin waccan hukumar tacewa ta Amurka ya hana a nuna 'yan sanda da alƙalai ta yadda za a raina hukuma. Da a can aka haifi Dredd a wancan zamani, da bai kai labari ba.

Abu ɗaya nake so ku lura da shi, mu da muka fara da na da can. Azzalumin tsofaffin labarai fuska gare shi, har ta yi yawa. Ming na Flash Gordon, wanda Alex Raymond ya fara a 1934, sarkin duniyar Mongo ne, amma an zana shi da kamannin da Turawan lokacin ke zana mutanen gabashin Asiya don tsoratarwa, sunan ma ya isa shaida. Mekon na Dan Dare a mujallar Eagle ta 1950, ɗan ƙaramin jiki ne kore da ƙaton kai, yana shawagi a kan wata 'yar kujera. Saƙon a fili yake: zalunci baƙo ne, daga nesa yake zuwa, kuma ba ya kama da mu. Waɗannan da ke akwatin kawunka su ne suka dawo da azzalumin gida, to da ya zama ɗan gida sai zana masa fuska ya yi wuya.

Ba wanda ya taɓa V, bari in ɗan ce wani abu. Alan Moore da David Lloyd sun fara shi a mujallar Warrior a 1982, zamanin Thatcher, mujallar ta mutu a 1985 labari bai ƙare ba, sai kamfanin DC na Amurka ya ƙarasa shi a 1988 zuwa 1989. Ka lura da sunayen ma'aikatun gwamnatin Norsefire, jam'iyyar danniya da ke mulkin Ingila a labarin: Ido, Kunne, Hanci, Yatsa, Baki. Gaɓoɓin jiki ne aka rarraba, ba su haɗu sun zama fuska ba. Jama'a na jin murya a rediyo suna zaton kwamfutar gwamnati ce mai suna Fate ke magana, alhali wani mutum ne, Lewis Prothero. Da V ya sace shi ya haukata shi aka sa wani, mutane suka ji murya ta sauya, daga nan tsoron ya fara tsagewa. Shi kansa shugaban, Adam Susan, kaɗaici ya sa ya kamu da son kwamfutar. Fuskar da V ke sawa ta Guy Fawkes ce, wanda aka kama a 1605 da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokokin Ingila. Da V ya mutu, Evey, yarinyar da ya ceto ya ajiye a wurinsa, ta tsaya a kan gawar tana tunanin fuskokin da za ta iya gani, har da ta mahaifinta, sai ta fasa buɗewa, ta ɗauki irin fuskar ta sa.

Maman Biyu:

Baba, a gafarce ni, ni wannan wurin ne ba ya min daɗi. Mutumin nan ya kulle yarinyar a kurkukun bogi, ya aske mata kai, ya yi ta azabtar da ita tana zaton gwamnati ce, wai don ya 'yantar da ita daga tsoro. Abin da aka yi masa a ɗaki na biyar a sansanin Larkhill shi ya juye mata. Wasiƙar wata fursunar sansanin mai suna Valerie da yarinyar ta samu a ramin bango, wadda aka rubuta a takardar bayan gida, ita ce abu mafi kyau a littafin, kuma Valerie da sunanta da tarihinta ta rubuta, ba ta ɓoye komai ba. Shi kuwa V, tunda ba shi da suna ba shi da fuska, wa za a kama a tambaya? Da Dredd ne ya yi wa fursuna haka, da Gagarabadau ya cika mana shafi.

Gagarabadau:

Da na cika kuwa, Yaya. Ban da ta cewa.

Ɗan Kawu:

Na gode muku ƙwarai. Daren jiya na baje mujallun a ƙasa na ware zanen McMahon gefe, na Bolland gefe, ina haska haɓar Dredd da fitilar waya kamar mai neman allura. A wasu shafukan ina ganin abin da Gagarabadau ya faɗa, a wasu kuma ina zargin idona ne ke gaya min abin da nake so. Labarin Cal ina da shi amma da giɓi, fitowa uku babu, ciki har da wadda kifin ya mutu, don na gan shi da rai sannan na ga ana maganar jana'izarsa.

Na ba ɗan yayata mai shekara 11 kundin EC ɗin ban gaya masa komai ba, na ce ya zana min abin da ke cikin hular. Ya zana mace.

Yaya, na duba El Eternauta na ga kamar iri biyu ne, akwai wani na 1969. Wanne zan nema?

Maman Biyu:

Fara da na 1957, na Solano López, shi ne cikakke. Na 1969 Oesterheld ne ya sake rubutawa, Alberto Breccia ya zana, a mujallar Gente. Ya fi zafin siyasa, don a cikinsa manyan ƙasashe ne suka miƙa wa maharan Kudancin Amurka don su tsira da kansu. Zanen Breccia kuma duhu ne da dabbare-dabbaren tawada, wani wurin sai ka ƙura ido kafin ka gane me kake kallo. Masu mujallar ba su ji daɗinsa ba, suka sa aka datse shi, shi ya sa ƙarshensa yake a gurguje. In ka gama na farkon ka dawo mu yi maganar butar gahawar. Kuma ka adana zanen yaron nan, ka sa shi a inda shafin ya yage.